TARIHIN SUTURAR MAMACI: DAGA ZANGON FATAKE ZUWA GWALLAMEJI

Filin tarihi na wannan fitowa zai taɓo maganar da yawancinmu ba mu cika son a tayar ba, wato yadda ake suturta mamaci. Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa, amma ga mazaunin Gwallameji maganar tana da ƙarin nauyi, domin galibinmu zuwa muka yi. Wani daga Kano, wani daga Katsina ko Zariya, wani daga nan kusa, Azare ko Misau ko Ningi. Aiki ya kawo wasu, kasuwa ta kawo wasu, wasu kuma karatu. To, in ta Allah ta kasance da tsakar dare, dangi suna can nesa, wa zai yi wanka? Wa zai sayo likkafani? Wa zai sallami masu haƙa? Kakanninmu sun sha fuskantar wannan tambaya, sun kuma ba ta amsa. Ya kamata mu san amsar tasu kafin mu tsara tamu.

Kafin sunna ta zauna

Ba kullum Bahaushe yake binne gawarsa yadda muke yi yau ba. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, akwai manyan tulluwan ƙasa waɗanda kushewun sarakunan dauri ne. Baturen mulki Palmer ya tona wasu a 1907, sa'an nan masana daga Jamus da na gida suka sake tonawa a 1992. Abin da aka samu ya nuna cewa tsakanin ƙarni na 13 da na 16 ana binne manya da kayan adonsu: mundayen tagulla, hauren giwa, duwatsun wuya, wuri, har da zinariya. Wato a lokacin, mai mulki da dukiyarsa yake shiga ƙasa.

Sannu a hankali karatun malamai ya sauya wannan. Littattafan da ake karantawa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Iziyya da Muhtasar na Halil, kowanne yana da babin jana'iza. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Ihya'us Sunna wanda ya rubuta tun kafin jihadin 1804, shi ma ya tsaya a kan jana'iza, ya rarrabe abin da sunna ta zo da shi da abin da mutane suka ƙara. Malam Yakubu, almajirin Shehu wanda ya karɓo tuta ya kafa birnin Bauchi wajen 1809, da wannan karatu ya zo. Kafin rasuwarsa a 1845, tsarin da muka sani ya kama ƙasa a birnin: sarki da talaka farin ƙyalle ɗaya, rami ɗaya, fuska ga alƙibla.

Yadda unguwa ta raba wa kanta aiki

Malamai suna kiran suturar mamaci farillar kifaya. Ma'anarta, in wasu sun yi sun ɗauke wa kowa, in kuwa aka rasa mai yi, laifin yana kan jama'ar wurin baki ɗaya. A kan wannan hukunci unguwar Bahaushe ta gina tsarinta, kowa ya san nasa.

Da zarar rai ya yi halinsa, za a rufe wa mamaci ido, a daidaita gaɓoɓinsa, a lulluɓe shi, a aika wa liman da mai unguwa. Yara su bazu gida gida suna sanarwa, ladan ya faɗa a masallaci. Wanka aikin amintattu ne masu riƙe sirri, maza ga namiji, mata ga mace, ko da yake a mazhabarmu ta Malikiyya miji yana iya wanke matarsa, mace ma tana iya wanke mijinta. Ana wankewa mara, sau uku ko biyar, da ganyen magarya, a sa kafur a na ƙarshe. Likkafani a da farin saƙi ne, daga baya alawayyo da akoko suka shigo kasuwa. Dattawa da yawa sukan tanadi nasu tun suna raye, wasu ma daga Makka suke zuwa da shi, a ajiye a ƙasan adaka. Tela ya yanka ya haɗa, ba ya karɓar ko kwabo.

Su kuwa samari tuni sun ɗauki diga da shebur sun yi maƙabarta. Za a haƙa babban rami, a tsakiyarsa a fitar da ƙarami daidai jikin mamaci. Makara tana jingine a masallaci, ta kowa ce. A ƙofar gida ko a fili za a yi salla, kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada, liman ya tsaya daidai tsakiyar namiji, in mace ce daidai kafaɗunta. A ɗauka a kafaɗa ana karɓeɓeniya har bakin kabari, a kwantar da shi ta gefen dama, a jera itace ko fasassun tukwane, a toshe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a mayar da ƙasa. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an dawo an shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Maƙwabta su ne da tukunya har kwana uku, bisa umarnin da Manzon Allah (SAW) ya bayar na a yi wa iyalan Ja'afar abinci lokacin da ya yi shahada a Mu'uta.

Ka ga ke nan, duk aikin da kamfani yake yi a wasu ƙasashe a biya shi, unguwa ce take yinsa a wurinmu, ladanta yana wurin Allah.

In baƙo ya rasu a zango

Mu da muke zaman baƙunta, tarihin zango ya fi shafarmu. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, suka zauna a Salaga da Kumasi, da waɗanda suka kafa Sabo a Ibadan a 1916, ba su san wani abu wai shi mayar da gawa gida ba. Tafiyar Gwanja ta watanni ce a ƙasa da jakuna. Inda ajali ya riski mutum, nan ƙasarsa take. Abu na farko da kowane zango yake nema wurin masu gari, bayan filin masallaci, shi ne filin maƙabarta.

Nauyin baƙo yana wuyan maigidansa, wato mai masaukin da yake saukar da shi, yake kuma yi masa dillanci. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 yana bayanin irin ƙarfin da maigida yake da shi a rayuwar zango. In baƙo ya kwanta ciwo, maigida ne mai jinya. In ya cika, shi ne mai likkafani, shi zai ƙirga kayan mamaci gaban shaidu, ya adana har ayari mai zuwa gida ya kai labari, magada su zo ko su aiko. Maigidan da ya ci amanar mamaci ya gama kasuwanci, don labari zai riga shi isa Kano.

Haka abin yake a hanyar gabas. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi a watan Yuli 1903, a nan ƙasar Gombe, can kuma aka bar shi. Ɗansa ya wuce da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Dubban alhazan ƙasa sun kwanta a hanya, a Barno da Wadai da Darfur, abokan tafiya suka suturta su suka ci gaba.

Malamai ba su haramta ɗaukar gawa zuwa wani gari ba. Imamu Malik ya kawo cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya rasu a Aƙiƙ aka ɗauko shi zuwa Madina. Sai dai sun sa sharaɗi: kada gawa ta lalace, kada a keta mutuncinta, kuma a ce akwai wata maslaha. A wani gefen kuma, shahidan Uhudu a inda suka faɗi aka ce a binne su. Umarnin gaggauta jana'iza shi ne ya rinjaya a aikin mutanenmu.

Takarda da asibiti sun shigo

Turawa sun ci Bauchi a 1902. Da su takarda ta shigo cikin sha'anin mutuwa. A 1917 suka yi dokar rajistar haihuwa da mutuwa da binnewa, wadda ta fi aiki a Ikko da barikoki, birane irin namu kuwa suka ci gaba da bin liman da mai unguwa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1918, annobar murar nan da tsofaffi ke kira marisuwa ta shigo ta tashar jirgin ruwan Ikko ta bi layin dogo, ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Nijeriya. Wannan shekara ta gwada ƙarfin tsarin unguwa ƙwarai, ya kuma ɗauka.

Abin da ya sauya al'amari sosai shi ne mota da jirgi da asibiti. Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a farkon shekarun 1960. Tafiyar da take cin wata ta koma ta yini. Mutanen Bauchi sun ga misali mai ciwo a Janairun 1966: an kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin ranar 15 ga wata, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Ikko, aka kawo ta gida a jirgin sama aka binne. Hubbarensa da aka gina a ƙarshen shekarun 1970 yana nan cikin gari, kowa ya san shi. Tun daga lokacin an sha ganin irin haka ga manya. Sheikh Abubakar Gumi ya rasu a Landan a Satumban 1992 aka kawo shi Kaduna. Tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a Daura ranar 15. Shi kuwa Alhaji Aminu Ɗantata, da ya rasu a Abu Dhabi a ƙarshen Yunin wannan shekarar, Madina aka kai shi.

Talaka ma ya fara mutuwa a gadon asibiti maimakon ɗakinsa. Daga nan muka san ɗakin ajiye gawa, wanda ake ce wa mutuware, da takardar likita, da biyan kuɗin magani kafin a saki gawa. In hatsarin mota ne ko kisa, sai 'yan sanda sun sa hannu, wani lokaci ma a nemi likita ya binciki gawar. Doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar kowace mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Da yawanmu muna raina wannan takarda, sai ranar da marayu suka je neman haƙƙin mahaifinsu a banki ko ofishin fansho a ce su kawo ta.

Asalin kamfanin jana'iza

Sana'ar jana'iza a matsayin kasuwanci a Amurka ta yi ƙarfi. A yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, iyaye suna son a dawo musu da gawar 'ya'yansu daga fagen fama, sai masu yi wa gawa allurar hana ruɓewa suka samu kasuwa. Da aka kashe Shugaba Lincoln a 1865, aka zaga da gawarsa gari gari a jirgin ƙasa kusan mako biyu, mutane suka gani suka yi sha'awa. Kafin a jima, wanka da akwati da mota da fili duk sun koma hannun kamfani. Tsada ta yi yawa har wata marubuciya, Jessica Mitford, ta fitar da littafi a 1963 tana tona yadda ake tatsar masu makoki. A 1984 gwamnatin ƙasar ta sa doka cewa dole kamfani ya ba mutum farashin kowane abu a rubuce, ya zaɓi wanda yake so.

A Nijeriya, daga kafintocin akwatin gawa na tsibirin Ikko abin ya faro, kamar gidan MIC da ya samo asali tun shekarun 1940. A Kudu, inda akan ajiye gawa makonni ko watanni ana shirin biki, sana'ar ta bunƙasa, da masu ɗaukar akwati cikin kwat da 'yan badujala. Musulmin da suka zauna Turai su ma dole ta sa sun kafa nasu, tun da can ba a barin mutum ya ɗauki gawa yadda ya ga dama. A gabashin Landan akwai gidan Haji Taslim, wanda ya fara aiki a 1960, yana wanka da likkafani bisa sunna.

To, ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne 'ya'yanmu da ƙannenmu suna Ikko da Fatakwal da Abuja, wasu suna Ingila da Amurka. In ɗayansu ya rasu can, wani lokaci sai an bi ta hannun irin waɗannan mutane. Ɗauko gawa daga waje yana bukatar takardar shaidar mutuwa, da takardar allurar hana ruɓewa, da akwati mai rufin ƙarfe a liƙe, da izinin ofishin jakadanci, ga kuɗin jirgi. Kwanaki za su tafi, dukiya za ta tafi. Shi ya sa malamai da dama suke ba da shawarar a binne mutum inda ya rasu matuƙar akwai maƙabartar Musulmi. In kuwa dole sai an yi hulɗa da kamfani, a tura mutum biyu masu natsuwa waɗanda ba su ne masu zafin rashin ba, a nemi farashi a rubuce, a faɗa musu tun farko cewa wanka da likkafani namu ne, ba a bukatar kwalliya ko akwati mai tsada, a kuma karɓi rasit.

Gwallameji ta cika

An ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, ma'aikata suka kwararo. A 1979 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda mazauninta yake nan jikinmu a hanyar Dass, a 1980 kuma aka kafa jami'ar da ta koma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988, da harabarta a Yelwa. Gonaki suka zama gidajen haya da ɗakunan ɗalibai. Unguwa ta tara Bahaushe da Bafulatani da Bajari da Basayi da Bayarabe da Ibo, Musulmi da Kirista, katanga ɗaya.

A irin wannan zama, tsohon tsari ba ya tafiya da kansa. A cikin ganuwa, liman ya san kakan kowa. A nan kuwa mutum zai shekara biyu a ɗaki, maƙwabcinsa bai san sunan garinsu ba. Ɗalibi zai rasu a ɗakin haya, a rasa lambar mahaifinsa. Maƙabarta ta yi nisa da kafaɗa, sai an nemi mota. Haƙa kabari ya koma hannun wasu bayin Allah da suke zaune a maƙabarta, galibinsu dattawa, abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba. Masu iya wanka, musamman a cikin mata, suna tsufa, matasa kuma suna tsoro.

Wani ɓangare na giɓin, ƙungiyoyi ne suka cike shi. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, da na Fityanul Islam, da na Izala wadda aka kafa a Jos a 1978, su ne muke gani da kaki suna gyara sahu, suna ɗaukar makara, suna bin gawar da ba ta da kowa. Sanarwar da a da sai an kai gidan rediyo, tun zuwan wayar salula a 2001 ta koma aljihu, yau kuma WhatsApp ke kai ta Kano kafin a gama wanka.

Annoba ma ta koya mana darasi. Sanƙarau na 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Zazzaɓin Lassa, wanda Jihar Bauchi take cikin jihohin da ya fi addaba, yana iya kama mai wanka ta jini da ruwan jikin mamaci. A 2020, lokacin korona, masu haƙa a Kano da Azare sun ga yawan gawa da ya tayar da hankalin kowa. In likita ya ce ciwon mai yaɗuwa ne, a bar ma'aikatan lafiya su yi aikinsu, a sa safar hannu, a tsaya inda aka ce. Fiƙihu da kansa ya ba da damar taimama in wanka ya gagara.

Maƙwabtanmu Kirista kuwa, tsarinsu daban ne: sukan ajiye gawa a asibiti, su sayi akwati, su yi kwanan zaune, da yawa su kai mamaci ƙauyensu. Haƙƙin maƙwabtaka yana nan. Mu je gaisuwa, mu ba da aron benci, mu kauce wa motarsu a hanya, kamar yadda su ma suke zuwa namu zaman makokin.

Sadaka da dukiyar marayu

Ba za mu rufe ba sai mun taɓo sadakar uku da bakwai da arba'in, wadda aka daɗe ana gardama a kanta, musamman tun ƙarshen shekarun 1970. Wasu malamai suna ganin addu'a ce da sadaka, wasu suna ganin ƙari ne a addini. Wannan fili ba zai raba wannan gardama ba. Amma akwai inda duka ɓangarorin suka haɗu. Daga abin da mamaci ya bari, kuɗin suturarsa ake fara cirewa, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan gado. Rumfa da kujerun haya da buhunan shinkafa da masa ta cika faranti ba sa cikin wannan lissafi. Wanda ya ɗebi kuɗin marayu ya ciyar da 'yan gaisuwa, alhali mai takaba tana da wata huɗu da kwana goma a gabanta ba ta san abin da za ta dafa ba, ya juya umarnin da aka bayar game da iyalan Ja'afar.

Kammalawa

'Yan'uwa, abin da tarihin nan ya nuna shi ne kowane zango da ya zauna lafiya sai da ya tanadi maigida ga baƙonsa. A Gwallameji, mu ne maigidan. Saboda haka muna kira ga kowane masallaci ya duba makararsa da diga da shebur, ya ajiye likkafani ko biyu saboda baƙo da marar hali. Masu gidajen haya su rubuta sunan garin kowane ɗan haya da lambar wani nasa. Limamai su ware rana su koya wa matasa wanka, malamai mata su koya wa mata a Islamiyya. A buɗe asusu, ko da abin da ake tarawa bayan sallar Juma'a ne, don kuɗin mota da na masu haƙa, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. A sami mutum biyu ko uku da suka san hanyar asibiti da ofishin 'yan sanda da Hukumar Ƙidaya, waɗanda za a iya tasa ko da ƙarfe biyun dare ne. Kowannenmu kuma ya rubuta bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya gaya wa iyalinsa inda yake so a binne shi, don kada a tsaya jayayya gawa tana kwance.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na gida da waɗanda suka kwanta a hanya, ya ba mu haƙurin rashinsu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.